Edmond Jaeger, Mai Agogon da Sunansa ke Kan Malejin Fijo

Duk wanda ya tashi a ƙasar Yauri, ko a Warra ne kamar ni, ko Ngaski, ko Shanga, ya san Fijo tun bai san baƙi da wasali ba. Peugeot 404 a-kori-kura ita ce ta yi shekaru tana kwashe kwalayen busasshen kifi daga bakin tafkin Kainji, 504 kuwa ita ce motar manyan ma'aikata da ta 'yan tasha, daga Yauri zuwa Kontagora, ko a bi ta Koko da Jega a shiga Birnin Kebbi. Har yau akwai 'yan ragowarsu, wasu na tafiya, wasu an ɗora su kan duwatsu a bayan gareji kaji na ƙwai a ciki. Amma ban da direba da rewaya, mutum nawa ne ya taɓa sunkuyawa ya karanta ɗan rubutun da ke jikin maleji? A kan da yawa daga cikinsu an rubuta Jaeger, wasu kuma Veglia. To, Jaeger ɗin nan sunan mutum ne, kuma bai taɓa ƙera mota ba. Mai agogo ne. Tarihinsa nake so in ba ku, don ina ganin wanda ya san shi ba zai ƙara ɗaukar sukundireba ya ɓamɓare allon maleji kamar yana fasa ƙwaƙwa ba.

An haifi Edmond Jaeger a shekarar 1858 a Andlau, wani ƙaramin gari a yankin Alsas da ke kan iyakar Faransa da Jamus. Faransawa suna furta sunan kamar Jejer. Yana ɗan shekara goma sha biyu yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, a 1870. Faransa ta sha kashi, a 1871 kuma aka yanke Alsas aka haɗe ta da Jamus. Ka gane, yaro ya kwanta yana ɗan Faransa, ya wayi gari garinsu na wata ƙasa. Mutanen yankin da yawa waɗanda ba su yarda su zama Jamusawa ba sun tattara nasu ya nasu sun koma cikin Faransa. Mu da kakanninmu suka ga ruwa ya cinye garuruwa da gonaki bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka sake musu matsuguni, mun san abin da ake nufi da a ce gida ya sauya a ƙarƙashin ƙafar mutum. Shi dai Jaeger, a 1880, yana da shekara ashirin da biyu, ya buɗe shagonsa na aikin agogo a Paris.

Ba da agogon ado ya yi suna ba tun farko. Aikin da ya ɗaga shi shi ne yi wa sojojin ruwan Faransa agogon jirgi. Wannan fa ba wasa ba ne, bari in nuna muku lissafin. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Matuƙin jirgi da ke tsakiyar teku, ba tudu ba bishiya, idan yana da agogon da ke riƙe da lokacin tashar da ya baro, sai ya gwada shi da tsayuwar rana a inda yake, bambancin ya gaya masa nisan da ya yi gabas ko yamma. A tsakiyar duniya digiri ɗaya ya kai kilomita 111. Ke nan in agogo ya yi kuskuren minti ɗaya kacal, jirgi ya kauce da kusan kilomita 28. Da irin wannan kuskuren ake hawa kan dutse da dare. Mutumin da ya saba aikin da sakan guda ke iya cin rai, hannunsa da idonsa ba za su zama irin na kowa ba. Wannan tarbiyyar ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1903, yana da shekara arba'in da biyar, ya zana cikin agogon aljihu mai sirantaka da ba a saba gani ba. Zanen yana hannunsa, amma shagonsa ba shi da injinan da za su fitar da shi da yawa kuma kowanne daidai da ɗan uwansa. Nan ne halinsa ya burge ni. Bai ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa don kada a sace masa fasaha ba. Sai ya ƙalubalanci masana'antun agogo na ƙasar Suwizalan, ya ce wanda ya isa ya fito. Wanda ya amsa shi ne Jacques-David LeCoultre, mai kula da aiki a masana'antar gidansu da ke ƙauyen Le Sentier. Gidan ba baƙin awo ba ne. Kakansa Antoine LeCoultre ne ya kafa wurin a 1833, kuma a 1844 ya ƙera ma'aunin da ke iya auna kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Mai zane ya haɗu da mai inji, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1907 suka fitar da cikin agogo mai lamba 145, kaurinsa milimita 1.38, wanda babu kamarsa a duniya a lokacin. Ku je ɗakin aiki ku ɗauki ma'auni ku buɗe shi milimita 1.38 ku gani. A cikin wannan ɗan tsukin aka jera haƙora, da sifirin, da komai, kuma yana tafiya.

A wannan shekarar dai ta 1907 gidan Cartier, mashahuran masu kayan ƙawa na Paris, suka ƙulla yarjejeniya da shi ta shekara goma sha biyar, cewa cikin agogunansa nasu ne su kaɗai. Jaeger na zanawa, LeCoultre na ƙerawa, Cartier na sa riga da suna. Ta nan ya shiga tarihin agogon hannu. Alberto Santos-Dumont, wani matuƙin jirgin sama ɗan Birazil da ke zaune a Paris, yana fama da ciro agogo daga aljihu alhali hannuwansa biyu na kan abin tuƙi. Louis Cartier ya yi masa na ɗaurawa a hannu a 1904, da aka fara sayar da irinsa ga jama'a a 1911 kuwa, cikinsa na Jaeger ne. Haka kuma ɗan ƙarfen nan mai naɗewa da ke ƙulle agogo a tsintsiyar hannu ba tare da an cire maɗaurin gaba ɗaya ba, Jaeger ne ya yi masa rajista wajen 1910. Wataƙila ma irinsa ne a hannunka yanzu kana karanta wannan mujalla.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo a 1914, kasuwar agogon zinariya ta mutu. Wa zai sayi ado ana binne samari? Amma jiragen sama sun shiga yaƙi, kuma matuƙi yana bukatar ya san sau nawa injinsa ke juyawa a minti, don in ya wuce ƙima zai tarwatse a sama, in ya gaza jirgi zai faɗo. Jaeger da LeCoultre, tare da wani matuƙin jirgi ɗan Suwizalan mai suna Edmond Audemars, suka juya ga ƙera ma'aunin juyin inji, suka sayar wa rundunonin saman Faransa da ƙawayenta da yawan gaske. Dabararsa ta mai agogo ce tsantsa. A cikin ma'aunin akwai ɗan agogo da ke yanka lokaci gunduwa-gunduwa daidai wa daida. A kowace gunduwa, haƙora suna ƙirga juyin da waya ta yi, su tura allura zuwa wurin, su riƙe ta, sannan su sake ƙirgawa. Shi ya sa allurar irin wannan ma'auni ba ta tafiya sumul, tsalle take yi kaɗan-kaɗan kamar mai sanɗa. Gudu ai ba komai ba ne illa nisa a raba da lokaci, kamar yadda aka koya mana a ajin farko. Shi ya riga ya mallaki lokaci, abin da ya rage ƙirga ne.

Da aka gama yaƙi a 1918, jirage suka ragu, motoci suka ƙaru, sai wannan fasaha ta sauko ƙasa. A 1921 aka buɗe reshe a Landan mai suna Ed. Jaeger, don yi wa motocin Ingila maleji da agogo. Shekara guda bayan haka, a 1922, Edmond Jaeger ya mutu yana da kimanin shekara sittin da huɗu. Bai ga yawancin abin da sunansa ya zama ba. A 1927 kamfanin Smiths na Ingila ya sayi kashi 75 cikin ɗari na reshen Landan. A 1937, shekara goma sha biyar bayan mutuwarsa, aka haɗa sunayen gidajen biyu ya zama Jaeger-LeCoultre, wanda har gobe yake cikin manyan masu agogo na duniya. Ɓangaren kayan mota na Faransa kuwa ya ci gaba da yi wa Citroën da Renault da Peugeot allon maleji shekara da shekaru, kafin daga baya ya shiga hannun Magneti Marelli na Italiya.

Ta wannan hanyar sunan ya iso mana. An fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun farko na 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da dainawa. Gwamnati ta saya, 'yan kasuwa suka saya, da ta tsufa a hannunsu ta gangaro tasha, daga tasha ta gangaro ƙauye. Haka sunan yaron Andlau ya zo yana kallon direban da ya ɗauko kifi daga Warra.

Na ga wannan aiki da idona lokacin da na yi horon sanin makamar aiki a wani gareji a Yauri. Wani dattijo daga wajenmu ya kawo 504 ɗinsa, maleji ya mutu, gejin zafi ya kwanta, fitilun allon duk sun ɗauke. Ogana mutum ne mai haƙuri, kuma kafin ya koma mota ya taɓa zama a benci yana gyaran rediyo. Ya sa ni na wanke hannu tukuna, abin da ban taɓa ganin an sa yaron gareji ya yi ba. Daga nan muka bi aikin daki-daki, ga kuma yadda yake ga mai son koya.

Farko a cire kan batir, na ɓangaren da ke haɗe da jikin mota. Bayan allon nan wayoyi ne masu wuta a cunkushe, ƙarfe ɗaya ya gifta sai hayaƙi. Na biyu, a duba yadda allon ya zauna, don ya danganta da shekarar motar: wani da sukurori aka ɗaure shi, wani da 'yan ƙarafa masu kamawa, wani kuma sai an sauke murfin da ke wuyan sitiyari kafin ya sami hanyar fita. Robar da ta sha ranar Maris da Afrilu ta ƙasar nan shekara talatin ta zama kamar ƙanzo, in ka danna ta da ƙarfi sai dai ka tsinci gutsattsari. Na uku, kuma nan ne aka fi yin ɓarna, wayar maleji. Wata murɗaɗɗiyar waya ce a cikin kube, ta taso daga giyabos ta shigo bayan allon. Ita ce ke riƙe shi ko da an kwance komai. Wanda bai sani ba sai ya ji allon ya ƙi fitowa ya fizga, ya karya bakin da wayar ke shiga. Abin yi shi ne a zura hannu ta ƙasa a sake ta, in hannu bai kai ba a kwance ta daga wajen giyabos a turo ta ciki don a sami sarari. Na huɗu, kafin a zare ko da waya ɗaya, a ɗauki hoto da wayar hannu, a manna wa kowace 'yar takarda da lamba. Daga nan a jawo allon a hankali, a karkata shi ya wuce sitiyari, a ajiye shi kan tsumma mai tsabta.

Da muka buɗe bayansa na ga abin da ya sa aka ce in wanke hannu. Malejin 504 ba irin mai tsalle na zamanin yaƙi ba ne, na maganaɗisu ne, dabarar da wani Bajamushe Otto Schulze ya yi wa rajista a 1902, wadda daga baya ta mamaye motoci don ta fi araha. Wayar da ta taso daga giyabos tana juya maganaɗisu a cikin wani ɗan kofin alminiyam, ba tare da sun taɓa juna ba. Juyin yana haifar da 'yar wutar lantarki a jikin kofin, ita kuma ta sa kofin ya so bin maganaɗisun. Abin da ke hana shi bi gaba ɗaya wani sifirin ne siriri kamar gashi, a nannaɗe, irin wanda ke cikin agogo sak. Iya gudun mota, iya jan da kofin ke yi wa sifirin, iya tashin allura. Lambobin da ke ƙirga kilomita kuwa ƙananan haƙora ne ke tura su, ɗaya na cin ɗaya. Wallahi in ka leƙa ciki, benci da tabaron mai agogo za ka tuna, gareji ba zai zo maka a rai ba. Yatsa mai baƙin mai ya taɓa sifirin nan, ko a tura allura da hannu don a ga ko tana motsi, shi ke nan awon ya tafi. Man inji ma ba ya shiga wurin, yana kama ƙura ya daskare.

Ciwon motar dattijon bai kai yadda aka zata ba. Cikin wayar maleji ne ya tsinke saboda bushewa, ƙwayayen fitila sun ƙone, gejin zafi kuma wayarsa ce ta ci tsatsa a inda ta haɗu da abin da ke jin zafin a jikin inji. Malejin kansa lafiyarsa ƙalau. Don mu tabbatar, Oga ya ɗaura guntuwar waya a bakin na'urar huda ta lantarki ya juya ta ta bayan malejin, sai ga allura ta tashi tsaf ba rawa. Abin da wani zai ce a jefar a nemo na gwanjo, da waya ɗaya da ƙwayaye 'yan kaɗan da takardar goge tsatsa ya tashi.

To me ya sa na damu har na rubuta wannan? Ku shiga motocin haya da ke bin hanyoyinmu ku leƙa gaban direba. Sau da yawa za ku tarar allura a kwance, gejin mai ya mutu, an manna hoto ko sitika a kan gilashin. Direba zai ce shi da kunne yake tuƙi. Har muna da karin magana, a ce wane ya ƙure maleji, alhali malejin ya shekara biyar bai motsa ba. Kunne ba ya jin zafin ruwa. Lagireto ya tsiyaye a hanya cikin zafin bazara, gejin da zai yi gargaɗi a mace, kafin a ga tururi gasket ya ƙone, wani lokaci inji ya buga gaba ɗaya. Kuɗin waya ɗaya ya koma kuɗin inji, ga kifin mutane ko fasinja a yashe a daji. Fitilar mai tana gaya maka inji ya rasa man da ke zagaya shi, kuma tsakanin kamawarta da lalacewa 'yan mintoci ne. Fitilar caji ma, a motoci da yawa ta cikinta wutar farko ke bi ta tada abin cajin batir, saboda haka cire ƙwanta don ta daina damun ka na iya hana batir caji. Gudu kuwa, a hanyar da shanu ke tsallakawa, ga ramuka, ga yara 'yan talla a bakin titi, bambancin 80 da 120 ba abin da za a bar wa kunne ba ne. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ya fi ninki biyu tsakanin waɗannan lambobin.

Akwai kuma maganar amana. Wanda ya iya buɗe allon nan ya iya mayar da lambobin kilomita baya, motar da ta gaji ta koma yarinya a idon mai saye. Duk wanda ya koyi wannan aiki za a zo masa da wannan bukata wata rana, da kuɗi a hannu. Jaeger ya ci abinci ne da abu guda, cewa in ma'auninsa ya faɗi lamba, matuƙin jirgi zai iya jingina ransa a kai. Mai gyaran da ya sa ma'auni ya yi ƙarya tauye mudu ya yi, ko da sunan wa ke rubuce a fuskar malejin.

Shawarata ga 'yan sashenmu na kanikanci da na lantarki, musamman masu neman aikin kammala karatu: ga aiki a ƙofar gida. A haɗa benci na gwada maleji, da ƙaramar mota mai juyawa wadda ake iya sarrafa gudunta, da abin ƙirga juyi, da 'yan resisto na gwada gejin mai da na zafi. Tsofaffin alluna suna nan jibge a wurin masu kayan gwangwan, kafin a fasa su a auna a kilo. Gwajin hanya ma ba ya bukatar kuɗi: motar da ke tafiya 60 tana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya cif, wayar hannu kuma tana nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, sai a gwada da allura. Mai iya zane ya nemi mai iya walda, mai iya lissafi ya nemi mai hannu, kamar yadda mutumin Paris ya nemi na Le Sentier a 1903. Ni dai na fara tara nawa, alluna uku ne yanzu a ƙarƙashin gadona a hostel, biyu Jaeger ɗaya Veglia. Mai sha'awa ya same ni a ɗakin aiki bayan la'asar, ya taho da sabulu.